Ambulan a Cikin Gajimare

Duk wahalar da na sha a ƙasar Indiya kalma ɗaya ce ta jawo mini ita, kuma har yau in na ji ta sai na yi tsaki. Mun baro Adis Ababa muna bisa teku, ni da Baba, shi a kujerar bakin hanya ni a ta tsakiya, an raba mana shayi mai zafi a 'yan kofunan takarda.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar gero da wake daga Isa da Sabon Birni zuwa Maraɗi, har ranar da numfashi ya fara gagararsa tsakanin gida da masallaci. Likitocin Sakkwato suka ce zuciya ce, suka ba da takarda. Aka sayar da fadamarmu ta Kamarawa, aka zauna aka duba 'ya'yansa kaf, aka ce ni zan raka shi, don ni ce mai koyar da Turanci a firamare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Tun daga Kano duk wanda ya zauna kusa da mu sai ya ji labari: "Wagga ɗiyata ta, malamar Turanci. Ba Baturen da ka iya saida mu." Ni kuma ina sunkuyar da kai kamar ina jin kunya, alhali daɗi nake ji.

Sai wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa, matuƙi ya yi magana ta lasifika. Da sauri yake yi, kamar mai tauna goro. Na kama "mata da maza," na kama "muna roƙonku," sai wata kalma da ta ƙare da "bulans."

"Uwata, mi yac ce?"

Abin da ya kamata in ce guda ɗaya ne, "ban sani ba," kuma ko ɗan aji ɗaya ya san shi. Amma mutumin da ke kujerar tsallake ya juyo yana kallona, kuma shi ma ɗazu Baba ya gama yi masa tallar Turancina. Na lalubo kalmar da na sani mai irin wannan wutsiya.

"Cewa ya yi ambulan na jiranmu in mun sauka, Baba. Motar asibiti."

"Kin ji mutanen kirki," in ji Baba. Murna ta sa ya kwance bel, ya miƙe da kofinsa a hannu wai zai ɗan warware ƙafa.

Jirgin ya faɗa rami. Ban san yadda zan faɗe shi ba in ba haka ba, rami ne a inda babu ƙasa. Ya fito ya sake faɗawa wani. Mata suka ɗauki salati, kofuna suka tashi sama. Baba ya bugi bayan kujera da ƙirji, shayi ya wanke farar rigarsa, hularsa ta gangara can gaba. Mutumin tsallake ne ya cafko shi ya zaunar, ya ɗaure masa bel, ya fito da hankici yana goge masa riga.

"Sannu Baba, sannu. Ai sai da matuƙi ya yi gargaɗi. Ya ce za a shiga tabulans, kowa ya zauna ya ɗaure."

"Za a shiga mi?"

"Tabulans. Gargadar iska ke nan, kamar dai mota ta hau hanya mai ramuka."

Baba ya juyo a hankali ya dube ni. "Ba ambulan ba?"

Mutumin ya yi dariya har da buga cinya. Ni kuwa maimakon in tsaya a ƙarya ɗaya sai na ɗora mata ƙanwa. Na ce lasifikar ce ba ta fita da kyau. Baba ya karɓi hularsa da aka miƙo daga gaba ya sa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha faɗa wa yara haka a aji, ban san ni za a ɗaure da shi ba.

Sunan mutumin Ɗanlami. Ya ce ya daɗe a Delhi yana taimakon 'yan uwa marasa lafiya saboda Allah. Yana da zobe a yatsa uku da waya biyu, kuma bai iya faɗin jimla ba tare da ya sa "wallahi Baba" a cikinta ba. Kafin mu sauka ya san sunan garinmu, ya san an sayar da fadama, ya san sunan asibitin da za mu. Duk Baba ne ya ba shi, ina zaune ina taka masa ƙafa yana janyewa.

Da muka fito filin jirgi Baba ya tsaya ya duba dama, ya duba hagu.

"Malama, ina ambulan ɗin?"

Daga ranar na daina zama Uwata.

Takardar asibiti ta nuna masauki kusa da su, amma Ɗanlami ya ce can na masu kuɗin banza ne, ya kai mu wani gida a bayan wata kasuwa, inda 'yan Najeriya ke sauka. Hawa na uku ya ba mu, ba lif. Mai ciwon zuciya, hawa na uku! Na yi magana, Baba ya ce in bar wanda ya san gari ya yi aikinsa. Da Ɗanlami ya ce mu kawo fasfo ya ajiye mana kada su ɓace, nan ne na ce a'a da babbar murya, na ƙulle su a lalitar da ke ɗaure a ƙuguna. Ya yi murmushi ya ce, "Malama akwai zafi." Na ce akwai.

Garin ba ya shiru. Hon daga safe har yamma, hayaƙi, shanu na yawo a titi ba makiyayi, abin da ya fi ɗaure wa Baba kai ke nan. Mutane na tsayawa su ƙura wa zanen fuskarsa ido, wasu har su nuna da yatsa. Abincinsu kuwa ko ƙamshinsa bai iya jurewa. Allah ya taimake ni na taho da garin gero da kuka da daddawa, kullum ina kicin ɗin gidan ina dama kunu a tukunyar aro, ina tunanin 'yata da na bari wurin kakarta ba ta cika shekara uku ba.

A kicin ɗin na haɗu da Iya Risi, wata Bayarabiya mai jiki da murya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda ta girma a Ƙaura ta iya Hausa kamar ni. Mijinta ta kawo, ciwon ƙoda. Ranar da ta fara ganin Baba a bakin ɗaki ta ajiye ludayi ta riƙe ƙugu.

"Ikon Allah! Har nan bayina suka biyo ni? Bagobiri, wa ya ba ka izinin hawa jirgi?"

Fuskar Baba ta washe, karon farko tun saukarmu. "Ke Bayarabiya, barkonon gida ya ƙare kunka zo cinye na mutane?"

Daga nan kullum sai ta aiko masa da miya a ɗan kwano, wai sadakar uwargijiya ga bawanta, shi kuma ya cinye tas ya ce ba daɗi.

Ni kuwa kalmar nan ta hana ni sakat. Na nemo ta a ƙamus ɗin waya, harafi goma, turbulence. Ashe ba ta jirgi ba ce kaɗai. Ana faɗinta ga iska in ta rikice, ana faɗinta ga ruwa in yana murɗawa yana tumbatsa kamar gulbi ya kawo, ana faɗinta ga gari in ba zaman lafiya, har ga zuciyar mutum in hankalinsa ya tashi. Da na san ta sai ta zama kamar mai bina. Mai karanta labarai a talabijin ɗin falo ya faɗe ta a kan kasuwa, ya faɗe ta a kan siyasa. Ɗanlami ma in ya makara sai ya ce, "Wallahi Baba yau akwai tabulans a hanya," Baba ya gyaɗa kai kamar tare suka ƙirƙiro ta. Na kira gida, maigidana ya ce wannan makon ma ba a bi hanyar Sabon Birni ba, mutane sun kwana biyu ba su leƙa gona ba. Na ajiye waya na ce ashe mu a cikin tabulans muke zaune shekara da shekaru, sunanta ne kawai ba mu sani ba.

Ranar Litinin aka gama gwaje-gwaje muka ga babban likita, wani gajeren dattijo mai furfura. Ya juyo da allon na'ura ya nuna mana zuciyar Baba tana motsi, ja da shuɗi suna cakuɗewa a wuri ɗaya. Ya ɗora biro a wurin ya yi bayani. Ina cikin ƙoƙarin kama maganarsa sai ga ta ta fito daga bakinsa, sau biyu.

Baba ya miƙe zaune a kan gadon gwaji. "Ga ta nan! Kalmar jirgi! Malama, ko wagga ma ambulan ta?"

Na fassara iyakar abin da na gane. Na ce akwai wata ƙofa a zuciyarsa da ta tsuke, jini ba ya wucewa yadda ya kamata, sai an buɗe ƙirji an canza ta. Likita yana da gurbi ranar Alhamis. In Baba bai sa hannu a takardar yarda ba zuwa Laraba, za a ba wani, kuma na gaba sai bayan bizarmu ta ƙare.

"Ƙohwa?" in ji Baba. "Zuciya zaure ta da za a ce mata ƙohwa? To ina tabulans ɗin da yac ce? Mi ya kai ta ciki?"

Gaskiya ban san me ya kai ta ciki ba.

Ɗanlami ya jira muka fito baranda, sannan ya dafa kafaɗar Baba ya sassauta murya. "Wallahi Baba kai ma ka ji da kunnenka. Tabulans. Girgizar nan da ka sha a jirgi, da buguwar da ka yi a ƙirji, ita ce ta motsa zuciyar. Su likitocin nan wuƙa kawai suka sani. Akwai wani gida da na sani, mai suke shafawa na itatuwa, mako uku zuciya ta koma mazauninta."

Na ce, "Baba, a tuna fa, tun kafin jirgi ake haki. Don me muka zo?"

"Wancan hakin tsuhwa na, kowane tsoho na yin shi. Wanga kuwa ke kij jawo shi."

Maganar ta shige ni har ƙashi. Na bar 'yata, na bar ajina, ina kwana a kan tabarma a bakin gadonsa ina ƙirga numfashinsa, a ce ni na jawo. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na shiga banɗakin asibiti na yi kuka na haushi, na wanke fuska na fito, na tarar har sun tsayar da keke mai ƙafa uku.

Talata muka tafi gidan mai. Wani bene ne a lungu mai warin turare, aka karɓi Ɗanlami da fara'ar da ake yi wa mai kawo ciniki. Aka shige da Baba, aka bar ni a benci da wata mujalla da ban iya karanta rubutunta ba. Bayan awa biyu ya fito yana sheƙi tun daga goshi har dunduniya, yana cewa ya ji sauƙi ƙwarai. Sauƙin ya raka shi har hawa na biyu na masaukinmu. A nan ya tsaya, ya kama ƙarfen bene, leɓɓansa suka canza launi, ya sulale. Na riƙe shi yana zamewa daga hannuna saboda man. Na kwarma ihu. Ɗanlami, da ke bayanmu, wayarsa ta yi ƙara a daidai lokacin, ya sauka amsawa bai dawo ba.

Iya Risi ce ta sauko da gudu da zani a ƙirji. Ta gyara masa kwanciya, ta kama hannunsa tana duban agogo, tana yi masa fifita da murfin tukunya har ya buɗe ido. Da muka kai shi ɗaki ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Me likita ya ce?"

Na faɗa mata.

"Ita kalmar da ta rikita tsohon, kin san abin da take nufi a bakin likita?"

"Na duba ƙamus."

"Ban tambaye ki ƙamus ba."

Na ce ban sani ba. Ban taɓa jin nauyin magana a bakina irin wannan ba, kuma da ta fita sai na ga ba ta fi ƙwayar gero ba.

"To gobe ki je ki faɗa wa likita haka. Ni zan iya yi miki bayani, amma uban naki ba daga bakina zai yarda ba, kuma ba daga naki ba yanzu. Shi kuma ki bar ni da shi."

Ta shiga ɗakin ba sallama, ta tsaya a kansa.

"Ashe ƙarya ake yi, Gobirawa matsorata ne. Dubi zane har kunne. Kana jariri wanzami ya tsaga ka da aska, ba allurar barci ba kome, ka rayu. Yau da furfurarka an ce za a sa ka barci a gyara ka, ka gudu wurin masu tausa kamar amarya. Bari in koma gida in ba da labari."

Baba ya yunƙura daga kwance. "Wa ag gudu? Ni?"

"Kai fa. Ga mai nan a jikinka kamar ƙosai."

"Malama, gobe da sahe ki kai ni wurin likitan ga. Ba don in sa hannu ba. Don wagga matar ta rufe min baki."

Da sassafe muka fita kafin Ɗanlami ya iso, samarin gidan biyu suka sauko da Baba a kan kujera. A barandar asibiti, muna jiran a kira mu, na sauka daga benci na durƙusa a gabansa, Indiyawa na wucewa suna kallo.

"Baba, a gafarce ni. Ranar nan a jirgi ban san kalmar ba. Lasifika lafiyarta lau. Kunya na ji in ce ban sani ba, na yi ƙarya."

Ya kalli bango. "Na sani. Tun ran nan nis sani. Na yi shekara talatin da yaran mota, na san muryar wanda an ka tambaya ko ya duba ruwan lagireto yac ce ya duba." Ya gyara hula. "Wanda bai sani ba ana hwaɗa mai. Wanda yac ce ya sani shi ka kashe mutane. Tashi, ana kallonmu."

Da muka shiga na gaishe da likita, na ce masa ni malamar Turanci ce a garinmu, amma kalmar nan da ya faɗa ban gane abin da take yi a cikin zuciya ba, kuma saboda ita mahaifina ya ƙi aiki, yana zaton jirgi ne ya girgiza shi. Na roƙe shi ya yi mini bayani kamar 'yar aji biyu. Na zaci zai yi dariya. Sai ya tashi ya ɗauko wani siririn tiyo na roba, ya je wurin wanke hannu ya saƙala shi a bakin famfo, ya yafito Baba. Ruwa na fita sumul, ba ƙara. Ya matse bakin tiyon da yatsa biyu. Ruwan ya fara tsiri yana feshi ko'ina, har ya jiƙa masa riga. Ya nuna feshin ya faɗi kalmar. Sannan ya nuna yatsunsa da suka matse, ya nuna ƙirjin Baba, ya faɗi wata.

Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni.

"Bawul? Bawul yac ce?"

Likita ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin i ne ko a'a, ya maimaita.

Baba ya juyo kaina. "Ke! Mutum na ta hwaɗin bawul tun shekaranjiya kina ce min ƙohwa? Mi ya hana ki ce bawul?"

Wallahi da ba ubana ba ne da na mayar masa. Na kwana ina neman Hausa mai kyau da zan sa wa kalmar, ashe tana nan a bakin kowane bakanike a tashar Isa.

Likita ya ga abin ya kama, ya cire abin sauraren ƙirjinsa ya saƙala wa Baba a kunne, ya miƙo mini ɗaya bakin ya ce in ɗora a nawa ƙirjin. Baba ya rufe ido, ya karkata kai yadda yake yi in an tayar da mota yana bakin bonet. Sannan aka mayar kan nasa. Ya saurara, ya sa aka matsar, ya sake saurara. Na ga fuskarsa ta canza.

"Taki na tahiya daidai," ya ce a hankali. "Tawa na shan iska. Huu, huu, bayan kowane bugu. Bawul ya ci." Ya cire abin daga kunne ya riƙe a hannu. "In yaro ya kawo min mota da wagga ƙara, ba ni barin ta kai Tsamaye. Wanga ba aikin jirgi na ba. Ya daɗe."

Sai ya koma direba sak. Ya sa na tambayi likita ko ya taɓa yin irin aikin, sau nawa, kuma nawa suka tashi. Ya tambayi awa nawa inji zai yi a kashe. Ya ce in tambaya sabo za a sa ko ɗan Kwatano. Na ce Baba wannan ba ta fassaruwa, ya ce in fassara. Na yi bayanin kayan hannu da ake shigo da su, likita ya yi dariya har ya cire tabarau, ya buɗe aljihun tebur ya fito da samfuri, wani ɗan zobe na ƙarfe mai marfi biyu. Baba ya juya shi a tafin hannu, ya hura, ya ga marfin ya buɗe ya rufe. Ya ce a miƙo takarda. Ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, har da wasali.

Muna fitowa muka ci karo da Ɗanlami yana huci, wai mun ci amanarsa, ya riga ya kama wa Baba wuri na mako uku, kuma duk abin da ya faru a ɗakin tiyata ba ruwansa. Na buɗe baki, don na tanadi maganganu tun daga jirgi, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Ɗanlami, ka taɓa ganin an gyara bawul da shahwa ma bodi mai?"

"Wallahi Baba..."

"Bar rantsuwa. Na gode da hankicin da ka ba ni cikin jirgi. Allah shi kiyaye hanya."

Ban ji daɗi ba da abin ya ƙare a nan, ni so na yi a tara mutane. A ranar aka ba Baba gado, Iya Risi ta sa aka kwaso mana kayanmu.

Alhamis da hantsi aka turo shi a gadon taya, an sa masa wata riga mai ɗauri ta baya wadda ya ce ko mahaukacin tasha ba ya sa ta. A ƙofar ɗakin tiyata wata likita mai rufe da baki ta sunkuya ta yi masa magana, doguwa. Ya juyo da ido yana nemana.

"Uwata, mi tac ce?"

Rabon da in ji sunan nan kwana tara. Na kama rabin maganar matar, amma akwai kalma biyu a tsakiya da ban taɓa ji ba, kuma ga shi suna sauri, an riga an buɗe ƙofa.

"Ban sani ba, Baba. Bari in tambaya."

Na tsayar da gadon da hannuna na tambaya. Ta ce in ya farka zai ji tiyo a maƙogwaronsa, kada ya firgita, kada ya ja. Na faɗa masa kamar yadda ta faɗa.

"Madalla," ya ce, ya rufe ido. Aka shige da shi.

Awa shida na yi a benci. Iya Risi ta bar mijinta a kan injin wankin ƙoda ta zo ta zauna da ni, tana jan carbi tana zagin Gobirawa ƙasa-ƙasa don in yi dariya. Da likita ya fito ban jira kalmominsa ba, fuskarsa na karanta, sannan na sa shi ya maimaita sau biyu.

Mun ƙara mako huɗu kafin a sallame mu. Bawul ɗin ƙarfen yana da 'yar ƙara, in ɗaki ya yi shiru ana jin ta, ƙas, ƙas, kamar agogon hannu. Baba ya mayar da ita abin nunawa, duk wanda ya zo dubiya sai an sa shi ya yi shiru ya saurara. Ranar tafiyarmu Iya Risi ta rako mu bakin titi, ita ba ta san ranar tata tafiyar ba. Baba ya ce mata in ta dawo gida ta zo Isa ta gaida ubangijinta, ta ce bawa ba ya kiran uwargijiyarsa. Ta juya da sauri tana gyara ɗankwali, ni ma na juya.

A jirgin dawowa, muna bisa tekun nan dai, ƙararrawar ta kaɗa. Matuƙi ya yi magana, na ji kalmar tun daga kanta har wutsiya. Na juyo in fassara, na tarar Baba ya riga ya ɗaure, ya miƙa wa ma'aikaciya kofinsa, yana yi wa wani tsoho na tsallake nuni da ya zauna. Ya kamo bel ɗina ya ja ya ga ya kama.

"Riƙe da kyau, Uwata. Ambulan ɗinki ta iso."

Na buɗe baki in ce don Allah a bar maganar nan haka, sai jirgin ya faɗa raminsa na farko, ya jefa kaina a jikin Baba, kunnena a kan ƙirjinsa. Mata na salati, kofuna na tashi. Ban yi saurin ɗagowa ba. A ƙarƙashin rigar bawul ɗin na ta aikinsa, ƙas, ƙas, ƙas, ba gargada ko ɗaya.